WAYAR DA KE FAƊIN HANYA: ABIN DA TA SANI DA ABIN DA BA TA SANI BA



A taronmu na bayan Sallar Layya an yi doguwar gardama a kan babbar wayar nan ta shafawa da yaran mota suke kafawa gaban direba, tana magana da muryar mace, tana cewa bi dama, bi hagu, akwai kamara a gaba. Dattawanmu suka ce wasan yara ne, su da suka kora shanu da ƙafa har Badun ba su taɓa neman taswira ba. Matasa kuwa suka ce wanda ya kama hanyar kudu yau ba shi da ita, makaho ne. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai aka ce mu bincika mu rubuto. To, ga abin da muka samo, kuma kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

YAYA TAKE SANIN INDA KAKE?

Abin da ke yin wannan aiki cikin waya ana ce da shi manhaja, samarinmu kuma suna cewa aplikasiyo. Guda 2 ne suka fi suna. Ta farko Google Maps, wadda ta fito a 2005, kuma galibin wayoyin Android da ita suke zuwa. Ta biyu Waze, wadda aka ƙirƙira a Isra'ila, kamfanin Google ya saye ta a 2013 a kan kimanin dala biliyan 1. Ke nan maigidansu ɗaya.

Wayar tana sanin wurin da kake ta hanyar taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, waɗanda ke zagaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. In ta ji saƙon guda 4 daga cikinsu, sai ta auna ta gane inda take tsaye. Wannan ba ya cin ko dala, kuma ba ya bukatar rezo. Ko cikin dajin da kira ba ya shiga, ɗigon nan mai launin shuɗi yana nan yana bin ka. Abin da ke cin kuɗin intanet shi ne sauko da hoton hanyoyi, da labarin abin da ke faruwa a kansu.

YAYA TAKE SANIN CUNKOSO?

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna zaton tauraron ne yake leƙo hanya daga sama yana ƙirga motoci. A'a. Wayoyin mutanen da ke kan hanyar ne suke aika labarin gudunsu. In wayoyi masu yawa suna tafiya da sauri, sai a shafa wa hanyar kore. In sun rage gudu, ruwan goro. In suna jan ciki, ja. In sun tsaya cik, ja mai duhu. Shi ke nan sirrin.

A shekarar 2020 wani Bajamushe mai suna Simon Weckert ya zuba wayoyi 99 cikin ƴar amalanke, ya riƙa jan ta a ƙafa cikin titunan Berlin. Nan take taswira ta yi ja, wai an yi gosulo, alhali titi fayau yake. Mu riƙe wannan labari, don shi ne mabuɗin maganar duka: waya ba ta da ido, abin da wasu wayoyi suka gaya mata shi take gaya maka. Inda wayoyi suka yi yawa, kamar Legas da Abijan da Akara da Kumasi, labarinta yana da ƙarfi. Inda suka yi ƙaranci, kamar yawancin hanyoyinmu na daji, shirunta ba shaida ba ce cewa lafiya lau.

Haka maganar haɗari, da motar da ta lalace a tsakiyar hanya, da wurin da ƴan sanda suka tsaya. Wani direba ne ya gani ya latsa, na bayansa suka tabbatar ko suka ce babu. In ba wanda ya latsa, ba abin da za ka ji. In kuma jandarma sun tashi daga wurin tun hantsi, mai yiwuwa alamar tana nan tana tsorata mutane.

MAGANAR KAMARA DA RADAR

Da can mun saba da jami'i ya ɗaga hannu, a tsaya, a yi magana baki da baki. Yanzu a ƙasashen da muke kai kaya abin ya fara canzawa. A Kodebuwa, tun watan Satumba 2021 aka fara cin tara ta kamara a Abijan: na'ura ta ɗauki lambar mota, saƙon tara ya zo ta waya. A watan Maris 2023 kuma suka kawo lasin mai maki 12, kowane laifi a zabge wani abu, in maki ya ƙare direba ya sauka daga mota. A Gana ƴan sanda sun ƙaddamar da irin nasu tsarin kamarar a 2023. A Legas, cikin watan Fabrairu 2025, gwamnatin jihar ta ba da sanarwar kafa kamarar gudu a Alapere, iyaka kilomita 80 a awa, da kan titin Mobolaji Bank Anthony, iyaka 60. Tarar da aka faɗa a lokacin naira 50,000 ce ga mai wuce iyakar gudu, 20,000 ga mai tsallake jar wuta. Kamara ba ta san Alhaji ba, ba ta jin yi haƙuri, kuma mai lambar mota take bi.

Manhajojin nan suna iya yin ƙara in an kusa kamarar da aka riga aka shigar cikin taswira. Amma a kula da abu 3.

Na farko, ba kowace ƙasa ce aka buɗe wa wannan aiki ba, ba kuma kowace kamara ce ke ciki ba. Radar ɗin da jami'i ke riƙewa a hannu ya laɓe bayan kwana, yau yana nan gobe yana can. Akwai ma ƙasashen da doka ta taka wa abin birki: a Faransa an hana nuna ainihin wurin radar, sai dai a ce an shiga yankin haɗari.

Na biyu, lambar gudun da waya ke nunawa ta ƙananan motoci ce. A dokar hanya ta Najeriya, tirela da tanka iyakarsu kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a kan tagwayen hanya, alhali ƙaramar mota tana da 100 a wannan tagwayen hanyar. Direban kamiyo da ya ga 100 a fuskar waya ya ce ai ina cikin ƙa'ida, ya yaudari kansa. Tun Fabrairu 2017 ma hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu.

Na uku, kuma shi ya fi damun mu. Direban da ya ɗauki wannan ƙara a matsayin lasin gudu, wato ya taka iyakar takawa sai ya ji ƙara ya danne birki, to da dukiyarmu yake caca. Kowa a cikinmu ya san abin da birkin gaggawa ke yi wa mota mai shanu 30 ko fiye. Su zube a kan juna, ƙahon wannan ya shiga cikin wancan, wanda ya faɗi a tattake shi, ɗan rakiya da ke zaune a saman ƙarfe ya tsinci kansa a gudron. Bijimin da aka yi wata 4 ana turka, a ƙarshe a sa masa wuƙa a bakin hanya, mahautan wurin su saye shi yadda suka ga dama. An tsere wa tarar jika kaɗan, an yi asarar sa guda.

Mu yi lissafi. Tafiyar kilomita 100 a gudun 60 minti 100 ce. A gudun 80 minti 75 ce. Ribar duka minti 25, abin da shinge ɗaya na duwan zai cinye maka kana tsaye.

INDA TAKE DA AMFANI

Ba gudu ne ke kai shanu kasuwa da ƙibarsu ba, rashin tsayuwa cikin rana ne. Daga Maradi zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, dabba tana ɗaure, ba ci ba sha yadda ya kamata. Kowace awa da aka ƙara a cikin gosulo da tsakar rana, nama ne yake zubewa, dillalin can kuma da ido yake saye. A nan wayar take biyan kuɗinta.

Wanda ya san hanyar Badun zuwa Legas ya san yadda take toshewa a wajen Kara, balle ana saura kwanaki Sallah. In tun daga Badun yaron mota ya duba ya ga gaba ta yi ja wur, gara a tsaya wuri mai inuwa, a duba dabbobi, a tashe wanda ya kwanta, a gyara igiya, a jira hanya ta buɗe, da a je a kafe cikin layi inda ba gaba ba baya. Haka shigar Abijan, ko shigar Ashaiman zuwa Tulaku. Wayar kan ba da ƙiyasin lokacin isa, sai a kira maigida a can ya shirya masu sauke kaya da ruwa. Ga baƙon direba kuma, wanda bai taɓa shiga birnin ba, tana raba shi da yawon neman hanya da kaya a baya.

INDA TAKE MAKANCEWA

Manhajojin nan 2 ba su da saitin babbar mota. Ba su san tsawonka ba, ba su san nauyinka ba, ba su san gadar da aka gitta wa ƙarfe a sama ba. Wani ɗan ƙungiyarmu ya ba mu labarin yadda wata manhaja ta ce wa direbansa ga gajeruwar hanya don a kauce wa cunkoso, suka bi, suka ƙare a lungun kasuwa inda tirela ba ta iya juyawa. Sai da aka yi awa 3 ana ja da baya, rana tana dukan shanu.

Waya ba ta san tsaro ba. In ka tashi daga Kaduna za ka Mokwa, a taswira hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina a miƙe take. Ko ana bin ta a wannan mako, da ƙarfe nawa ake bi, da rakiya ko babu, wannan sai a bakin direbobin da suka fito jiya. Hanya ma takan yi kore don kowa ya guje ta.

Waya ba ta san takarda ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil da ƙofofin Najeriya, na Najeriya ba su buɗe ba sai Maris 2024. A watan Mayu 2025, gab da Layya, gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi waje. Irin wannan labari a rediyo da ofishin ƙungiya ake jin sa.

Kuma in babbar masifa ta faɗa, kamar ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayu 2025 wadda ta ci rayuka fiye da 150 ta kuma yanke gada a kan hanyar kudu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, waya za ta iya nuna maka ja. Amma wace hanya ce za ta ɗauki tirela mai kaya a madadinta, sai an tambayi ƴan tasha.

SHAWARARMU GA MEMBOBI

1. Waya a hannun yaron mota take, ko a kafe a gaban gilashi da murya a buɗe. Direba kada ya taɓa ta yana tuƙi. Wannan kansa laifi ne da ake cin tara a kansa.

2. Kafin a tashi, a sauke taswirar hanyar duka cikin waya a inda intanet ke da ƙarfi. Google Maps tana yarda da haka, kuma za ta ci gaba da nuna hanya ko rezo ya ɗauke, sai dai ba labarin cunkoso. Waze kuwa sai da intanet take aiki sosai.

3. A tanadi layin kowace ƙasa da za a ratsa. Intanet da layin gida a ƙasar waje yana lashe kuɗi kamar wuta. A riƙe igiyar caji a mota, don taswira tana shan batir.

4. Mai kaya ya yi magana da direba a kan gudu tun a wurin lodi, a gaban shaidu, a kuma yanke wanda zai biya tara in ta zo. Kada mu ce da direba sai ka kai ni kasuwar gobe ko ta halin ƙaƙa, sa'an nan mu zo muna kuka da shi.

5. In waya ta ce a bar babbar hanya a shiga wadda ba a sani ba, a tsaya a yi tambaya tukuna.

6. Ana iya aika wa mai kaya alamar inda mota take ta WhatsApp, na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. A aika wa mutum ɗaya amintacce. Kada a zuba shi cikin zauren mutum 200, domin ba ka san wanda ke kallo ba, balle a dawowa da kuɗi a jiki.

7. In kun wuce haɗari ko motar da ta mutu a kan hanya, yaron mota ya latsa ya shaida. Na bayanku ɗan uwa ne, kuma yawan masu latsawa shi ke sa abin ya yi amfani a hanyoyinmu.

To jama'a, mu ɗauki wannan waya kamar sabon yaron mota mai kaifin ido a birni, wanda bai san daji ba, bai kuma taɓa ɗaure sa ba. A saurare shi, amma kada a ba shi sitiyari. Matambayi ba ya ɓata, in ji masu iya magana, kuma tasha tana nan inda take.

Duk wanda ya ga sabuwar kamara, ko aka aiko masa da tara ta waya a wata ƙasa, muna roƙo ya kawo labari ofishin ƙungiya don mu sanar da saura a fitowa ta gaba. Sakatare yana nan kowace ranar kasuwa bayan la'asar, zai taimaka wa mai son a sauke masa taswira.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya maido kowa gida lafiya. Amin.