Ciyar da Iyali Lokacin Jiyyar Raunin Ƙwaƙwalwa: Misali daga Ikara, Maƙarfi da Kudan

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, akasarin magidanta da ƙarfin jikinsu suke ci. Wani manomin rake ne a fadamun Hunƙuyi, wani mai noman tumatir ne a Ikara, wani kuwa ɗan acaɓa ne mai jigilar mutane zuwa kasuwar Maƙarfi ranar Laraba. Irin wannan magidanci in ya fāɗi a kan babur kansa ya bugu, gidansa ya gamu da masifa biyu a lokaci guda, watau kuɗin magani ya taso, hanyar samun kuɗin kuma ta toshe.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, raunin ƙwaƙwalwa ba kamar karaya yake ba. Miki yakan warke, a sallami mutum daga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya komo gida yana tafiya da ƙafarsa, alhali kuwa aikin ƙwaƙwalwa bai daidaita ba. Sai a ga yawan mantuwa, da saurin fushi, da gajiya, da ciwon kai, wani lokaci har da farfaɗiya. Likitoci sun lura cewa mafi yawan sauƙin yakan samu ne cikin wata 6 na farko, saura kuma ya biyo sannu a hankali har shekara 2 ko fiye. Wanda bai san haka ba sai ya ce lalaci ne, ko iska, ko sammu, a kwashe ɗan abin da ya rage a kai wa boka.

To, a nan ne al'adar taimako take kuskure wa buƙata. A makon farko gida yakan cika da 'yan dubiya, kowa da abin da zai ajiye a gefen tabarma. Da zarar an ga majiyyaci ya miƙe, sai ƙafa ta ɗauke, daidai lokacin da hatsin rumbu ya fara ƙarewa. A da, gandu shi ne madogara: uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na tattalin arzikin Hausawan Zazzau a 1955. In ɗaya ya kwanta, saura su riƙe gidan. Yanzu da yake gandu ya yi rauni, nauyin yakan faɗo kan matar gida, ta sayar da akuyoyinta da kwanoninta. Alhali a shari'a ciyarwa wajibin miji ce, dukiyar mace kuwa tata ce; abin da ta fitar kyautatawa ce.

Ta fuskar hukuma akwai tanadi, sai dai bai kai ga kowa ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusu domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Jihar Kaduna ta kafa hukumar inshorar lafiya ta taimakekeniya a 2018, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Manomi da ɗan acaɓa ba su da albashi, balle hutun rashin lafiya.

Saboda haka wajibi ne dangi su zauna tun farko su tsara taimakonsu bisa lissafin shekara guda, ba mako guda ba. Kada a sayar da gona, domin ita ce za ta ciyar da gidan bayan jiyya. A ba da ita haya ko jingina ta ƙayyadadden lokaci, a gaban shaidu, a rubuce. Raken da ke tsaye a yi masa gayya, a sare, a sayar ko a yi mazarƙwaila. Gudummawar 'yan'uwa masu albashi ta zama ta wata-wata, a hannun amintacce ɗaya. 'Yan adashi su ba gidan ɗauka ta farko. Masu fitar da zakkar hatsi su tuna cewa miskinai da waɗanda bashi ya danne suna cikin masu haƙƙi. Kada kuma a cire yara daga makaranta don su maye gurbin ubansu.

Shi kansa majiyyaci, a komar da shi aiki da kaɗan-kaɗan, kamar tsaron shago ko kula da dabbobi, kada ya hau babur sai likita ya yarda, gama bugu na biyu ya fi na farko haɗari. Tun ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano, kuɗinta kuwa bai kai na hoton ƙwaƙwalwa sau ɗaya ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A wannan cuta, ƙafar da ta komo a wata na 6 ta fi wadda ta zo ranar farko amfani.