Wasannin jiragen yaƙi da ake ɗokinsu, da sararin Najeriya da suka manta

A Ƙetaren Gwari da ke Minna, kamar sauran unguwanninmu, idan aka ce wasan kwamfuta ƙwallon ƙafa ake nufi. Amma a duniya akwai wasu masu wasa da abin da ya dame su daban ne: su zauna a kujerar matuƙin jirgin yaƙi, su ji nauyin sanda a hannu, su sa ido kan ma'aunin mai da zafin inji kamar yadda matuƙan da suka yi.

Wasanni biyu ne suka fi ɗaukar hankalinsu a 'yan shekarun nan. Na farko shi ne Korea na jerin IL-2, wanda kamfanin 1C Game Studios ya sanar a 2024, kan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, inda MiG-15 ta kara da F-86 Sabre. Na biyu shi ne Combat Pilot, da ya nufi faɗan Amurka da Japan a tekun Fasifik, har da gumurzun Midway na 1942. Masu jiransu ba su cika damuwa da kyan hoto ba. Tambayarsu ita ce ko jirgin zai tashi, ya juya, ya lalace kamar na gaske. Don haka masu ƙira ke tono littattafan injiniyoyi, rahotannin gwaji, tsofaffin taswirori da hotunan sama.

A nan ne zancen ya shafi Najeriya. Tun 2020 akwai wasan Desert Wings: Tobruk, kan yaƙin hamadar Afirka ta Arewa. Mai wasa yakan tarar da jirginsa ƙirar Hurricane a shirye a filin daga, ba tare da sanin ta inda ya biyo ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan jirage ta sararin ƙasar nan suka ratsa.

Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka koma kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Ghana ta yau, a harhaɗa su, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da Khartum har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumbar 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Jirgin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya ke jan gaba, ƙananan na biye. Abokan gabarsu su ne hazo, hadari, rairayi mai cin inji, da tsoron ƙarewar mai a dokar daji. Hanyar ta tsone wa Jamus ido, har a Janairun 1942 jirginta ɗaya ƙirar Heinkel ya ƙetare Sahara ya ƙona rumbun mai a Fort Lamy.

Minna ma ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Tana cikin zangunan da kamfanin Imperial Airways ya buɗe a 1936 tsakanin Kano da Legas, tare da Kaduna da Oshogbo. Yau filin jirgin ya koma Maikunkele, sunan Old Airport ne ya rage a bakin mutanen gari.

Masu ƙira na bin kasuwa, amma kuma suna bin inda takardu ke samuwa cikin sauƙi. Abin da ke kulle a rumbu bai cika shiga taswirarsu ba. Wannan kuwa ya rataya ne a wuyan ma'aikatan tarayya: Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, Ibadan da Enugu, da rundunar sojin sama da aka kafa a 1964. Fayil ɗin da ke cin ƙura yana buƙatar kasafi, na'urar ɗaukar hoto, da jami'in da zai sa hannu a ɗora shi a intanet.

Matashin Ƙetaren Gwari na iya shawagi a kan Midway ko kogin Yalu daga ɗakinsa. Kafin ya sauka a Kano ta 1941 cikin hazo kuwa, sai wani a Abuja ya fara buɗe wannan fayil.