Tsakuwa a Gindin Gini: Maganin Bango Mai Danshi

Aikina gini ne, kuma duk ƙarshen damina sai an kira ni duba bango. Ƙorafin ɗaya ne: fenti ya kumbura, filasta na zubewa, wani farin gishiri ya ja layi tun daga ƙasa har gwiwa. Mai gida yakan ɗora laifin a kan mai fenti ko siminti, alhali yawanci ciwon yana can cikin harsashi.

Idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa a watan Agusta, danshi yakan hau bulo kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. 'Yan ƙofofin da ke jikin yumɓu da bulo su ne hanyarsa, kuma iya ƙanƙantarsu iya nisan da zai hau. Idan ya bushe a fuskar bango sai ya bar gishirin da ya ɗauko, shi ne ke cin filasta. Abin ya fi tsanani a filin fadama da aka cike aka yanka fuloti, da baƙar ƙasar firgi ta Borno, wadda ke kumbura da damina, ta tsattsage da rani.

Tsakuwa kuwa ramukan tsakaninta manya ne. Ruwa ba ya iya hawansu, sai dai ya gangara. Shi ya sa kafin a zuba kankaren daɓe nake shimfiɗa ta kaurin santimita 10 zuwa 15, a daddanne ta, a watsa yashi kaɗan don kada kaifinta ya huda ledar da za a ɗora.

Inda ruwa ke kwanciya kuma, sai a haƙa rami a kewaye ginin, amma kada a zarce gindin harsashi. A shimfiɗa ƙyallen tace ruwa, a zuba tsakuwa, a kwantar da bututu mai huji-huji, hujin na kallon ƙasa, sannan a rufe shi da wata tsakuwar. Kowace mita guda bututun ya sauka kamar santimita 1, har ya kai lambatu ko wani rami nesa da gida. In ba mafita, tafki ka haƙa wa kanka a gindin bango.

Idan tifa ta zo, damƙi tsakuwar ka murza. Wadda ake so mai girman kamar milimita 20 ce, wankakkiya. In ta bar maka gari a tafin hannu, a wanke ta tukuna, domin ƙurar dutse ce ke toshe ramukan da ka biya kuɗi dominsu.

Masu gida sukan ce mini, “Malam, wannan ai ba a ganinsa, mu wuce.” Nakan ce, Alhaji, yau leburori da shebur sun isa. Bayan an tare, sai an fasa tayil an kwashe kaya kafin a kai ga wurin.