Dandaƙar Shanun Turka: Riba ko Asara?

Manoma da dama sukan dandaƙe bijimi kafin su turke shi, da zaton zai fi saurin ƙiba. Bincike ya nuna cewa bijimin da ba a dandaƙe ba ya fi ƙara nauyi da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, domin sinadarin 'ya'yan maraina ke gina tsoka. Dandaƙaƙƙe kuwa ya fi kitse da ladabi da taushin nama.

Saboda haka, idan turkar ta kwana 90 zuwa 120 ce, kada a dandaƙe babban sa. Ciwo zai hana shi ci, ya rame, riba ta ragu. Mai son dandaƙa ya kira malamin dabbobi tun maraƙi bai wuce wata uku ba.