Zaɓen Jami'ar Ƙawance a Ƙetare: Darasi Daga Gonakin Rano da Kibiya

Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Tun kafin a kafa jami'a ko ɗaya a ƙasar nan, almajirai kan ɗauki allo da buzu su nufi gabas neman karatu, wasu Barno, wasu har Masar, su dawo gida da abin da suka samo. Jami'o'in zamani sun gaji wannan ɗabi'a ta wani tsari da ake kira musayar ɗalibai. Jami'o'i biyu na ƙasashe daban-daban kan ƙulla yarjejeniya, kowace ta aika wa ɗayar da ɗalibanta su yi zangon karatu ɗaya ko shekara guda, sa'an nan su koma gida su ƙarasa. Ɗalibi yana nan a matsayin ɗan jami'arsa ta asali, kuma ita za ta ba shi digiri. Sakamakon da ya samo a can sai a haɗa shi da na gida. Mafi shahara a cikin irin waɗannan shirye-shirye shi ne Erasmus na ƙasashen Turai, wanda aka fara a 1987 da ɗalibai 3,244 daga ƙasashe 11.

Yaron da ke aji biyar na sakandare a Rano ko Kibiya a yau, nan da 'yan shekaru yana iya zama ɗalibin nazarin halittu a Jami'ar Bayero, ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko a Zariya. Idan sashensa ya ƙulla ƙawance da wata jami'a ta ƙetare, shi ne zai amfana, shi ne kuma zai ɗanɗana kuɗarsa idan an yi zaɓen tumun dare. Wannan maƙala za ta duba ma'aunan da ya kamata a bi wajen zaɓen. Za mu fara daga gona, domin a can amsar take.

Ƙawance iri biyu a gona ɗaya

Manoman kudancin Kano sun saba haɗa dawa da wake, ko dawa da gyaɗa, a gona guda. Idan ɗalibi ya tuge wake a tsakiyar damina ya wanke saiwarsa, zai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita, kamar ƙwayar dawa. A cikinsu wasu ƙwayoyin halitta suke zaune, waɗanda ido ba ya gani, da ake kira rizobiyam. Wake yana ba su sukarin da ganyensa ya haɗa da hasken rana. Su kuma suna kamo naitirojin daga iska, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, su mayar da shi takin da shuka za ta iya sha. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta gane ko cinikin yana tafiya: a tsaga ƙullin da reza. Idan cikinsa ja-ja ne, to yana aiki. Idan fari ne ko kore, zaman banza yake yi.

A gonar nan dai, a gindin dawa, akwai wani maƙwabci mai fure ja-ja mai ban sha'awa, wato wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya kan zubar da dubbai masu yawa, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma. Ba sa tsirowa sai sun ji ƙamshin wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Da zarar ta tsiro, sai ta huda saiwar dawa ta riƙa zuƙe ruwa da abinci. Kafin manomi ya ga furenta, ɓarnar ta riga ta auku a ƙarƙashin ƙasa.

Yarjejeniyar jami'o'i ma haka take. Wata irin ta wake ce da rizobiyam, wata kuwa irin ta dawa da wuta-wuta. Aikin mai zaɓe shi ne ya tsaga ya duba ciki kafin a sa hannu.

Abin da tarihi ya nuna

Ƙawance da jami'o'in waje tsohon abu ne a Nijeriya. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, digirin Jami'ar Landan ta riƙa bayarwa har zuwa 1962. Jami'ar Nsukka ta tashi a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka. A nan Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 ta yi ƙawance da Jami'ar Jihar Kansas daga shekarun 1960 har cikin shekarun 1970. Malaman Kansas sun zo sun koyar a tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi, matasan malaman Zariya kuma suka tafi can suka yo manyan digirori, suka dawo suka karɓi aikin.

Abin lura shi ne, Jami'ar Jihar Kansas ba ta cikin jami'o'in Amurka masu amon suna irin su Harvard. Amma jihar Kansas ƙasa ce ta dawa da alkama da shanu, kuma jami'ar don hidimar manoma aka kafa ta. Damuwarta ta yi daidai da ta Samaru, shi ya sa ƙawancen ya bar abin da ake mora har yau.

Ma'auni na farko: tambaya kafin suna

Tun daga 2003, lokacin da wata jami'a a birnin Shanghai ta fara jera jami'o'in duniya daga ta ɗaya zuwa ƙasa, mutane suka ɗauki irin wannan jeri da muhimmanci. To amma jerin yana auna jami'a ne dunƙule, da ma'aunai irin su yawan maƙalun da ta buga da lambobin yabon da malamanta suka samu. Ba ya gaya maka ko akwai mutum ɗaya a cikinta da ya taɓa ganin wuta-wuta.

Sashen nazarin halittu da ke neman abokin hulɗa ya fara da tambayar kansa: wace matsala ce a ƙasarmu muke son ɗalibanmu su iya warwarewa? Idan amsar ita ce wuta-wuta, to sunayen da za su fito daban ne. A Jami'ar Purdue ta Amurka, Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha, ya samar da irin dawa mai jure wuta-wuta, aka ba shi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 2009. A Japan, masana sun gano a 2005 cewa sinadarin da ke tayar da irin wuta-wuta, shuka tana fitar da shi ne don kiran wasu ƙwayoyin naman gwari masu taimaka mata shan abinci daga ƙasa, ita kuwa wuta-wuta satar ji take yi. Jami'ar Wageningen ta Holan, da Jami'ar Kobe ta Japan wadda ta yi aiki tare da masanan Sudan, da Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha a Saudiyya, duk sun yi fice a binciken wannan ciyawa.

Labarin wake ya fi kusa da mu. Wake yana da tasa wuta-wutar ta daban. Wani irin wake na gargajiya daga Botswana, mai lamba B301, shi aka gano yana jure mata. Masana na Cibiyar IITA, wadda ta buɗe tasharta ta Kano a 1990, suka yi ta barbararsa da wasu iri. Daga cikin 'ya'yan wannan aiki akwai SAMPEA 10, wanda aka saki ga manoma a 2008 tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. A 2009 kuma masana a Jami'ar Virginia suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke ba B301 wannan juriya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan kuwa tambayar ta shafi lafiya ce, ƙasar Rano tana da tata. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da tafkin Ruwan Kanya, da magudanan da ke kai ruwa gonakin rani na Kadawa da Bunkure, sun kawo albarkar noma. Amma ruwa mai tafiya a hankali gida ne ga ƙananan dodon koɗi na jinsin Bulinus, waɗanda tsutsar tsargiya ke girma a cikinsu kafin ta huda fatar yaron da ya shiga wanka. Sashen da ya ɗauki wannan matsala, jami'ar da ta ƙware a cututtukan ƙasashe masu zafi zai nema, ko da sunanta bai cika kunne ba.

Ma'auni na biyu: halasci

Wajibi ne a tabbatar hukumar ilimi ta ƙasar da jami'ar take ta amince da ita, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tana karɓar takardunta. A Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya zauna a aji ba. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, matakin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Hoton dogon bene a intanet ba hujja ba ce. Wuta-wuta ma furenta kyakkyawa ne.

Ma'auni na uku: hanya mai zuwa da dawowa

Musaya sunanta, saboda haka a tambaya: su nawa za su tafi, su nawa za su zo? Muna da abin da ɗalibin Holan ko Japan ba zai samu a gida ba. A can, cikin ɗakin gilashi ake renon wuta-wuta da kulawa mai tsada. A Kibiya kuwa ga ta nan a gona, ga manomin da ya shekara talatin yana fama da ita. Jami'ar da ta san darajar wannan za ta turo nata ɗaliban da malamai. Wadda ke son ɗalibanmu masu biyan kuɗi kawai, ko take son a tara mata ƙasa da iri da jini a aika mata, sa'an nan sakamakon ya fito da sunayen mutanenta kaɗai, ta nuna ko wace iri ce. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi cewa a nemi izini kafin a ɗauki albarkatun halitta na wata ƙasa, kuma a raba amfanin da aka samu bisa adalci. Ya kamata takardar ƙawance ta faɗi wanda ya mallaki samfur, da inda za a ajiye shi, da yadda za a jera sunaye a maƙala. Tun ran gini, tun ran zane.

Ma'auni na huɗu: lokaci da maki da harshe

Mai nazarin halittu da damina yake aiki. Wuta-wuta tana fure ne daga wajen Agusta zuwa kaka, jami'o'in Turai da Amurka kuwa a Agusta ko Satumba suke buɗe shekarar karatu. Ɗalibin da aka tura a wannan lokaci ya rasa damina, kuma ba zai sake samunta ba sai baɗi. Tsarin da ya fi dacewa shi ne baƙi su zo da damina, namu su tafi da rani, ɗauke da bayanan da suka tattara. A kuma yi tanadin abin da za a yi idan kalanda ta rikice, kamar yadda yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas.

Haka nan a daidaita darussa tun kafin tafiya. Jami'o'in Turai suna ƙirga maki 60 a shekara, 30 a zango, wanda ya bambanta da namu lissafin. Idan ba a rubuta cewa darasi kaza na can ya tsaya a madadin darasi kaza na gida ba, ɗalibi zai dawo a ce ya maimaita shekara. A kuma bincika harshen da ake koyarwa da shi a ajin masu digirin farko, domin jami'o'i da yawa da ke karantar da manyan ɗalibai da Ingilishi, da harshen ƙasarsu suke karantar da ƙanana.

Ma'auni na biyar: guzuri da zaman lafiya

Yafe kuɗin makaranta ba ya biyan jirgi da biza da masauki da inshorar lafiya. A san wanda zai ɗauki kowanne, in ba haka ba 'ya'yan masu hali kaɗai za su tafi, ɗan manomin Kibiya mai hazaƙa ya zama ɗan kallo. A kuma tanadi hanyar dawo da ɗalibai idan fitina ta tashi. Yaƙin Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022, da na Sudan a Afrilun 2023, sun rutsa da dubban ɗaliban Nijeriya, sai da aka kwaso su da ƙyar.

Ƙetare ba sai Turai ba

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tafiyar yini ce a mota daga Kano. Ana koyarwa da Faransanci, amma manomi da ɗan kasuwa Hausa suke yi, kuma gero da wake da wuta-wuta duk irin namu ne. Cibiyar ICRISAT tana da tashar bincike a Sadore kusa da Yamai. A Kenya, cibiyar icipe tare da Rothamsted ta Ingila sun gano tun shekarun 1990 cewa shuka wani ɗangin wake mai suna Desmodium a tsakanin masara yana danne wuta-wuta. Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012, ita ma tana karɓar ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka, wato mu ma ƙetare ne ga wasu.

Kammalawa

Ga ɗalibai, shiri daga yanzu yake farawa: a riƙe Ingilishi da lissafi da kyau, a koyi Faransanci idan akwai malami, a kuma buɗe littafi na musamman don rubuta abin da aka gani a gona da kwanan wata. Ga malamai, ga aikin aji wanda ba ya cin ko sisi: a wannan daminar a fita da ɗalibai gona, su tuge wake su tsaga ƙullinsa, su haƙa gindin dawa su ga inda wuta-wuta ta kama, su ƙirga tushenta a murabba'in mita ɗaya a gonaki daban-daban, su tambayi manomi abin da ya shuka bara. Ɗalibin da ya tafi ƙetare da irin wannan littafi a jakarsa ya san abin da ya je nema, kuma masu masaukinsa za su sami abin koya daga gare shi.