MAI SON ƊAUKAR HOTO A TITUNAN SULEJA YA FARA DA SALLAMA

Duk wanda ya zaro takardar Naira 20 daga aljihunsa ya juya bayanta, zai ga wata mata tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, mace ta farko da ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a garin da muke kira Suleja yau. Ta shiga cikin 1954, ta rasu cikin 1984. Yaran da aka haifa bayan rasuwarta sun san fuskarta, sun kuma ga yadda take riƙe yumɓu, domin an sami waɗanda suka tsaya gabanta da kyamara tana kan aiki.

To, ina sauran mutanen zamaninta? A gidan wa za mu je mu ga hoton mahautan garin na wancan lokaci, ko matan Gbagyi suna shigowa kasuwa da kaya a kafaɗa? Wannan tambaya ita ce dalilin da ya sa muke kira ga samari da 'yan mata masu sha'awar hoto su fita titi su ɗauki rayuwar garinsu kamar yadda take, watau ba tare da an jera mutane an ce su gyara hula ba. Ga kuma hanyar da mai koyo zai bi.

GARI MAI SAUYA KAMA

Suleja gari ne da ya ga sauyi har a sunansa. Abu Ja ne ya kafa shi cikin 1828, bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya, aka kuma kira garin Abuja. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ƙaurar da babban birnin tarayya daga Ikko cikin 1976, sai aka ba sabon birnin wannan suna, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Tun da gwamnati ta tare a Abuja cikin 1991, dubban ma'aikata da 'yan kasuwa suka mai da Suleja wurin kwana, su fita da asuba su komo bayan magariba.

Saboda haka gidan ƙasa na bara shi ne jerin kantuna na bana. Abin da mai hoto ya gani yau ya ce gobe zai komo ya ɗauka, mai yiwuwa ne ya tarar an rushe. Tashar mota da sassafe, da hada-hadar Kasuwar IBB, da 'yan acaɓa a mahaɗar Madalla ga Dutsen Zuma a bayansu, da hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Zazzau Suleja, duk tarihi ne mai tafiya da ƙafafunsa.

KAYAN AIKI

Kada rashin babbar kyamara ya hana kowa farawa. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikhere, ɗaya daga cikin mashahuran masu hoto na Nijeriya, da 'yar ƙaramar kyamara mai araha ƙirar Brownie ya fara cikin 1950. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata iri-iri har ya tara hotuna wajen dubu, waɗanda aka nuna a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Wayar da ke hannun ɗan sakandare a yau ta fi waccan kyamara iya aiki nesa ba kusa ba.

Mai aiki da waya ya kiyaye abu biyu. Na farko, ya riƙa goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon yatsa da ƙura su ne ke sa hoto ya fito dishi-dishi. Na biyu, ya daina jawo abu daga nesa da yatsunsa, gama wannan yana rage ingancin hoton. Idan yana son abu ya cika hoto, ya taka da ƙafarsa ya matsa kusa.

Wanda kuwa Allah Ya hore wa kyamara sosai, gilashi guda mai milimita 35 ko 50 ya ishe shi. Ya sa saurin ƙyaftawar idonta a kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa don masu tafiya a ƙasa, ko kashi ɗaya cikin 500 don babur, ya kuma ajiye ƙofar haske a lamba 8, yadda na kusa da na bayansa duk za su fito sarai.

HASKE DA HAƘURI

Hoto haske ne. Da rana tsaka rana tana bisa kai, inuwar hula da ta goshi sukan rufe idanu, fuska ta yi duhu, farar riga kuwa ta ƙone fat. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sa'an nan daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, sa'ad da hasken ke zuwa ta gefe yana fito da kamannin fuska. Idan tilas ne a yi aiki da azahar, a nemi inuwar rumfa. Hazon hunturu yakan tausasa haske, amma ƙurarsa abokiyar gabar kyamara ce, sai a riƙa rufe ta cikin jaka.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne yawon neman hoto lungu-lungu. Gara mutum ya zaɓi wuri guda mai kyakkyawan haske da bango marar hayaniya, ya tsaya ya jira abin da zai gitta. Henri Cartier-Bresson na ƙasar Faransa, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya gina sunansa a kan cewa kowane motsi yana da ɗan lokaci guda da kome ke daidaita a cikinsa. Ka dubi mai shayi yana tsiyaya daga kofi zuwa kofi: akwai ƙiftawa ɗaya da hannunsa ya kai ƙarshen ɗagawa, shayin ya miƙe kamar igiya. Wanda ya zauna ya kalli wannan sau ashirin shi zai san lokacin danna maɓalli. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

SALLAMA KAFIN KYAMARA

A nan ne hanyarmu ta rabu da ta Turawa. Shi Cartier-Bresson yakan liƙe ƙyalƙyalin kyamararsa da baƙin tef don kada a lura da shi. Wannan dabara ba ta karɓe mu ba. A garuruwanmu wanda ka ɗauka a ɓoye kawun wani ne ko surukin wani, kuma labari zai riga ka isa gida. Bugu da ƙari, mutanen Suleja suna da dalilin tsarguwa. Ran 8 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na garin, ran 25 ga Disamba na wannan shekara kuma aka kai hari cocin St. Theresa a Madalla, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Wanda ya ga irin wannan, ba a ga laifinsa ba in ya tambayi baƙo dalilin auna shi da kyamara.

Maganin wannan shi ne ladabi. Ka yi sallama, ka gaisa, sa'an nan ka faɗi buƙatarka a fili: "Baba, barka da aiki. Ni ɗan garin nan ne, ina koyon ɗaukar hoto. In ka yarda ina so in ɗauke ka kana aikinka, zan kuma kawo maka naka." Idan ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce, ko da dalilinsa na addini ne ko na ra'ayi kawai. A kasuwa ka fara ganin shugabannin 'yan kasuwa, a tasha ka nemi shugabannin direbobi, a unguwa kuwa ka gai da mai unguwa.

Wani zai ce ai da an nemi izini mutum zai sandare ya daina abin da yake yi. Gaskiya ne, amma na ɗan lokaci ne. Ka sayi shayi ka zauna. Kafin rabin sa'a ciniki zai ɗauke masa hankali ya manta da kai, a nan ne hoton gaskiya yake fitowa.

INDA BA A ƊAUKA

Kada a auna kyamara ga barikin soja, ko shingen jami'an tsaro, ko gidan yari, ko ma'ajiyar man fetur. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 kuma ya kare sirrin mutum da na gidansa, saboda haka iyakar mai hoto ita ce bakin zaure. Matar aure da budurwa sai da yardarsu, yaro sai da yardar iyayensa.

Akwai kuma abin da mutunci ya hana ko da doka ta yi shiru. Mabaraci, da almajiri mai tsumma, da mai taɓin hankali, da wanda hatsarin mota ya rutsa da shi, ba kayan kallo ba ne. Kafin ka sa hoton kowa a Facebook, ka tambayi kanka ko za ka so a ga mahaifinka a wannan hali.

ADANA ABIN DA AKA ƊAUKA

Shawararmu ga mai farawa ita ce ya zaɓi titi guda, wanda aka san shi a cikinsa, ya lazimce shi wata ɗaya cur. A ƙarshen watan ya zaɓi hotuna 10 kacal, ya kai a wanke su a takarda, gama waya tana ɓata, tana kuma lalacewa da duk abin da ke cikinta. A bayan kowane hoto ya rubuta rana da wata da shekara, da sunan wurin, da sana'ar mai hoton. Hoton da ba shi da kwanan wata rabin shaida ne.

Sa'an nan ya cika alkawari, ya kai wa kowa nasa. Wanda aka miƙa wa hotonsa hannu da hannu shi ne zai gabatar da kai ga maƙwabcinsa gobe, ya kuma tsaya maka ranar da wani ya tare ka da tambaya. Nan da shekara 50, jikokin mai shayin nan za su nemi sanin yadda kakansu da titinsu suke. Allah Ya sa a sami wanda ya ajiye musu.