Kafin Ka Taho Hutu, Ka Tabbata Za Ka Iya Komawa

Sau da yawa ɗalibin da ya maƙale a gida bayan hutu bai ma kai ga ganin jami'in shige da fice na ƙasar da yake karatu ba. Tun a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Nnamdi Azikiwe a Abuja ake tsayar da shi, kuma mai tsayar da shin ma'aikacin kamfanin jirgi ne da ke duba takardu kafin a auna kaya. Ba mugunta ba ce. Duk kamfanin da ya kai fasinjan da takardunsa ba su cika ba, tara za a ci shi, sannan ya dawo da mutumin da kuɗinsa. Don haka roƙo da nuna katin makaranta ba sa amfani a gaban wannan teburin. Abin takaicin shi ne, mafi yawan abin da ake tambaya a wurin ba a Kano ko Abuja ake samunsa ba. A can makaranta ake samunsa, kuma kafin a taho.

Tushen ruɗanin shi ne mutane na ɗaukar fasfo da biza da izinin zama kamar abu guda. Fasfo na ƙasarka ne, shaidar ko kai wane ne. Biza izinin zuwa bakin iyaka ce ka nemi shiga. Izinin zama kuwa shi ke ba ka damar ci gaba da zama bayan ka shiga, kuma ga ɗalibi yana rataye ne a wuyan makaranta: muddin tana shaida cewa kana cikin rajistarta, yana raye. Kowannensu da ranar mutuwarsa, kuma ranakun ba sa haɗuwa.

Amurka ce inda wannan bambanci ya fi cutar da mutane. Ɗalibi mai bizar F-1 zai iya zama shekara biyu ko uku da matacciyar biza a fasfonsa bai karya doka ba, matuƙar takardarsa ta I-20 na aiki kuma yana zuwa aji. Saboda ba wanda ya taɓa tambayarsa, sai ya manta da ita. Ranar da ya sa ƙafa waje kuwa, ba zai koma ba sai da sabuwa, kuma ba a sabunta ta a cikin Amurka. Dole ya nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci na Abuja ko ƙaramin ofishin Legas, ya biya dala 185, ya amsa tambayoyi kamar sabon mai nema, tare da yiwuwar a ce masa a'a ko da saura zango ɗaya ya gama.

Abin ya ƙara nauyi a 2025. A watan Yuni aka buƙaci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta domin a duba. A watan ne kuma aka hana 'yan wasu ƙasashe shiga, ciki har da Chadi da Sudan. Daga 8 ga Yuli aka mayar da yawancin bizar da ake ba 'yan Najeriya ta zama ta wata uku, kuma ta shiga sau ɗaya tak, sai dai waɗanda aka bayar kafin ranar sun ci gaba da aiki yadda suke. Ma'anarsa, wanda ya shiga da irin wannan sabuwar biza ya riga ya cinye ta tun ranar da ya sauka. A Disamba aka sake faɗaɗa takunkumin har ya shafi Najeriya da Nijar. Waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa cikin makonni, don haka abin da yayanka ya yi shekara uku da suka wuce ba hujja ba ce. Ofishin kula da ɗaliban waje na makarantarka ne zai gaya maka halin da ake ciki a makon da kake shirin sayen tikiti.

A nan nake ganin akwai magana da iyaye. Yaro ya ce ba zai zo bikin ƙanwarsa ba, ko ba zai zo Babbar Sallah ba, sai gida ya ɗauka boko ya shiga kansa. Hajiya ta yi fushi, kawu ya buga waya yana faɗa. Alhali yaron ya duba fasfonsa ne ya ga cewa zuwan mako biyu na iya cinye karatun shekara huɗu da gonar da aka sayar aka biya kuɗinsa. Kafin a ce masa "ka zo ko ta halin ƙaƙa", a tambaye shi ko bizarsa za ta mayar da shi.

Ko da bizar na da rai, akwai sa hannun tafiya. A shafi na biyu na I-20 akwai gurbin da jami'in makaranta mai izini ke sa hannu, yana tabbatar da cewa kai ɗalibinsu ne har yanzu. Wannan sa hannu na shekara ɗaya ne. Ga wanda ya gama karatu yana aikin koyon sana'a da ake kira OPT, wata shida ne kawai, kuma sai ya haɗa da katin izinin aiki da wasiƙar wurin da yake aikin. Masu bizar J-1 takardarsu DS-2019 ce, ita ma da nata sa hannun. Yanzu makarantu na iya aiko da I-20 ta imel, amma sai ka buga ta a takarda ka sa hannunka, nuna ta a waya ba ya wadatarwa. Sai dokar wata biyar: wanda ya yi fiye da wata biyar a waje ba cikin wani shirin karatu na makarantarsa ba, rajistarsa ta ɗalibi a tsarin SEVIS na gwamnatin Amurka ta tashi, sai sabuwar I-20 da sake biyan dala 350. Ɗaliban da jinya ko rasuwa ko jiran kuɗi ya riƙe a gida su ne wannan ke kamawa.

A Saudiyya tsarin daban ne, kuma ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura sun san shi. Iƙama ita ce izinin zama, amma ba ta isa ta dawo da kai ba. Kafin ka fita sai an yi maka bizar fita da dawowa, wadda kowa ke kira huruj wa auda, kuma ta hannun jami'a take fitowa. Tana da adadin kwanaki. Wanda ya bari ta mutu yana gida, komawarsa ta koma hannun jami'a, ko ta tsawaita masa ko ya zauna jira. A duba ranar da kyau, a kuma lura ko ta Hijiriyya ce ko ta Miladiyya, domin kuskuren kwana biyu a lissafi ya isa ya sa jirgi ya tashi ba da kai ba.

Ingila ta daina amfani da katin zama na roba. Katunan BRP sun ƙare aiki ranar 31 ga Disamba, 2024, an koma eVisa, wato izinin da ke cikin asusunka na UKVI a intanet. Tarkon da ke nan shi ne sabunta fasfo. Ɗalibi ya zo gida ya karɓi sabon fasfo, bai shiga asusun ya sa sabuwar lamba ba, kwamfutar kamfanin jirgi ta duba ba ta gan shi ba. A gyara wannan kwanaki kafin tafiya, a kuma ciro lambar shaida daga asusun, wadda ke aiki kwana 90, a riƙe ta a takarda. Bashin kuɗin makaranta ma na kashe izini. Bayan faɗuwar naira daga tsakiyar 2023, an ga yadda a 2024 wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa biya a kan lokaci, aka sanar da ma'aikatar cikin gida, aka ce su bar ƙasar. Wanda ake bi bashi ya tabbatar sunansa na nan a rajista kafin ya hau jirgi.

'Yan Nijar da ke Faransa su kula da rasit ɗin da ake bayarwa yayin jiran katin zama. Na sabuntawa, idan aka haɗa shi da tsohon kati, yana ba da damar fita da dawowa. Na neman farko ba ya bayarwa. Wanda ya fita da shi sai ya nemi bizar komawa, ga shi kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024.

Shi kansa fasfo, ƙasashe da yawa na son ya kasance da sauran aƙalla wata shida a ranar shiga. Na Najeriya iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma. Ga mai dogon karatu kamar likitanci, na shekara goma ya fi sauƙi ko da ya fi tsada. Sabuntawa na buƙatar lambar NIN, kuma idan sunan da ke NIN ya saɓa da na tsohon fasfo, ko da Muhammad ne a nan Mohammed a can, aikin zai tsaya har a daidaita. Wanda ya bar wannan sai makon ƙarshe na hutu ya saka kansa a hannun 'yan "kawo a yi maka sauri". Tsohon fasfo kuma ba abin yarwa ba ne. Idan bizar Amurka mai rai na cikinsa, da duka biyun ake tafiya, kuma ba a ɓamɓare ta a liƙa a sabo, yin hakan na kashe ta.

Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, shi ake mantawa a aljihun tsohuwar jaka. Indiya da Masar da Saudiyya duk suna neman sa daga wanda ya taso daga Najeriya, kuma Indiya na iya killace wanda ba shi da shi har kwana shida. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Akwai kuma hanyar da jirgi zai bi. Tikiti mai araha da zai ya da zango a Faris ko Frankfurt na iya buƙatar bizar ratse, domin 'yan Najeriya da Ghana na cikin waɗanda ƙasashen Schengen ke neman ta daga gare su ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. Mai bizar Amurka ko Kanada mai rai an ɗauke masa. Ɗalibin da zai je wata ƙasa daban ya tambaya kafin ya biya, ko ya bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha.

Sauran takardun ba kullum ake tambayarsu ba, amma ranar da aka tambaya suna raba gardama: wasiƙar makaranta mai sabuwar kwanan wata, sakamakon zangon da ya wuce, rajistar darussan zango mai zuwa, rasit ɗin kuɗin makaranta, da shaidar mai ɗaukar nauyi, ko takardar banki ce ko wasiƙar hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ko PTDF. Duka a jakar hannu za su zauna, domin ana ganin jami'in shige da fice kafin a kai ga ɗaukar akwati. A Amurka, idan wata takarda ta gaza, jami'in na da ikon ba ka fom I-515A, ya bar ka ka shiga na kwana 30 ka cike giɓin. Ikonsa ne, ba haƙƙinka ba. Idan ya ba ka, washegari ka kai shi ofishin ɗaliban waje, domin kwanakin daga ranar sauka suke fara ƙirguwa.